Gulbi a Cikin Kwalba

Tun ladan bai rufe baki ba suka cika filin makaranta,
kowa da ƙunshinsa: ƙuli, dafaffen rogo, ƙosan Inna Tumba.
Farar riga ta sha bula, ƙafa ta sha man shafawa.
Na ƙirga kawuna, talatin da ɗaya.
Bismillah, direba, mu bar Kangiwa.

Na talatin da biyun yana gida.
Nomau ne. Ƙyanda ta kwantar da shi tun Laraba,
shi da ya riga kowa biyan ɗari biyar ɗinsa
da kuɗin ƙwan zabin da ya tara tun damina.

Motarmu tana tari, tana atishawa,
ta kama hanyar Argungu kamar an yi mata dole.
Lantana ta yi amai sau biyu, ta ce ba komai.
Sahabi yana ƙirga jakuna ta taga,
ya kai arba'in, barci ya karɓi sauran.

A gidan tarihin Kanta na ce kada wanda ya taɓa.
Ige ta taɓa.
Ɗan yatsa guda ta ɗora kan tsohon tambari,
ta janye da sauri, sai ka ce ta taɓa tukunya.
Gado kuwa ya dubi sulke, ya dubi mai gadi,
ya ce, shi mai rigar nan aji nawa ya tsaya?

Sai Matan Fada.

Ban taɓa jin ajina ya yi shiru irin wannan ba.
'Ya'yan da suka san ruwa a bakin guga,
ruwan da sai an ja igiya har tafin hannu ya yi kanta,
ga shi yau a kwance, ba murfi, ba mai rabawa,
yana tafiyarsa, bai damu da kowa ba.
Wani masunci ya kifa cikinsa kan gora,
homa a hannu, ya wuce mu kamar agwagwa.
Hajo ta ja mini riga, murya ƙasa-ƙasa:
Malam, wa ya zubar?

La'asar ta yi. Na ƙirga. Talatin.
Na sake ƙirgawa, talatin ɗin dai.
Gwiwata ta yi sanyi, bakina ya bushe
ga ruwa fal a gabana.
Na ga fuskar uwa, na ga ofishin hedimasta,
na kira sunan Allah, sannan na kira sunayen rajista.

Arzika!

Can na hango shi bayan wani kwalekwale,
taɓo har ƙauri, takalmi ɗaya ya tafi,
yana danna murfin kwalbar lemo da haƙoransa.
Tsawar da na ɗauko tun daga mota
ta tsaya mini a maƙoshi da ya ce:
Na Nomau ne, Malam. Ai ya biya.

Da Nomau ya warke muka yi ranar zane.
Na raba farar takarda, kala shida ga yara talatin da biyu,
shuɗin ya sha wahala, har faɗa aka yi a kansa.
Wasu suka zana mota, wasu tambari,
Sahabi ya zana jaki mai ƙafa biyar.

Nomau ya ajiye kwalbarsa a kan benci,
laka ta kwanta a gindinta, ruwan ya yi garau.
Ya daɗe yana kallo, bai nemi shuɗi ba.
Da fensir kawai ya ja gulbi daga wannan gefe
har ya fita takarda, ya hau kan katako.

Na ɗaga jan biro zan ba shi maki,
na rasa inda zan sa, ko'ina ruwa ne.